Me ya sa layin bincike a filin jirgin saman Legas yake cinye awoyi?

Daga Legas zuwa Kano kusan awa ɗaya da rabi ne a sama, zuwa Landan kuwa awa shida da 'yan kai. To me ya sa mutumin da jirginsa zai tashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake ce masa ya bar Agege tun bayan la'asar? Da zarar Disamba ta kama, ko azumi ya ƙarato masu Umara suka yi yawa, sai hotunan dogon layi a filin jirgin Murtala Muhammed su cika Facebook da WhatsApp, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Wasu su ce ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan don a gaji a ba su na goro. Wasu su ce na'urori ne suka tsufa. Wasu kuma su ce ai haka tsaro ya gada, ko'ina a duniya haka ake yi, sai haƙuri.

Kowace magana a cikin waɗannan tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta kama bakin zaren ita kaɗai. Binciken da ke kare jirgi daga hari, idan mutum ya iso gaban na'ura, da wuya ya ci masa minti biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne yawan wuraren da ake tsayar da fasinja ɗaya, da kuma yadda jama'a ke kwararowa a lokaci guda.

Wa ke binciken me?

Mu bi mai fita ƙasar waje tun daga bakin ƙofa. Kafin ya shiga zauren tashi za a nemi fasfo da tikiti, a tura kayansa gaba ɗaya cikin na'urar haska kaya. Shekaru da dama, abin da ke biyo baya shi ne doguwar tebur da jami'ai ke jere a bayanta, a buɗe akwati a zazzage da hannu. Sai ma'aikatan kamfanin jirgi su karɓi fasfo su duba biza da kyau, domin idan ƙasar da za a je ta ƙi karɓar fasinja, kamfanin ne zai dawo da shi, galibi har da tara. Daga nan sai kanta, a auna kaya a ba da katin shiga jirgi. Sai jami'an lafiya idan ƙasar da za a je tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara. Sai jami'an shige da fice, da na tsaron farin kaya a kusa da su. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na iya tsayar da mutum su yi masa tambayoyi. Bayan duk wannan ne ake isa wurin da ake cire bel da agogo a ratsa ƙofar da ke ƙara idan ta ji ƙarfe. Wanda zai je Amurka kai tsaye kuwa bai gama ba tukuna, akwai wani binciken a bakin ƙofar shiga jirgi.

A cikin wannan jerin, waɗanda aikinsu shi ne hana makami ko abin fashewa shiga jirgi su ne jami'an tsaron filin jirgi da ake kira AVSEC, kuma suna ƙarƙashin FAAN, hukumar da ke kula da filayen jiragen sama na tarayya. Sauran kowa da abin da yake nema. Kwastam na duba abin da doka ta hana a fitar, irin su hauren giwa da kayan tarihi, da kuma kuɗi: duk wanda ya ɗauko abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta dole ya bayyana, abin da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Sin suka sani sarai. NDLEA miyagun ƙwayoyi take nema. Jami'an killace amfanin gona suna kan abinci, tsirrai da nama. Na shige da fice suna kan mutum da takardunsa.

Ga inda gizo ke saƙar. FAAN ce mai ginin, amma ba ita ce uwar ɗakin waɗannan hukumomi ba. Kwastam na ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, shige da fice na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, NDLEA na ma'aikatar shari'a, masu killace amfanin gona na ma'aikatar noma, jami'an lafiya na ma'aikatar lafiya, masu farin kaya kuma fadar shugaban ƙasa suke kai wa rahoto. Manajan filin jirgi ba shi da ikon ce wa jami'in wata hukuma ya tashi daga nan ya koma can, balle ya ƙaro masa mutane saboda layi ya yi tsawo. Fasinja na ganin wuri ɗaya ne, alhali ƙofofin ma'aikatu shida ko bakwai yake bi, kowace da shugabanta a Abuja.

A ɓangaren jiragen cikin gida, wato MMA2 da kamfanin Bi-Courtney ke gudanarwa tun 2007 da kuma tashar GAT da ke hannun FAAN, abin ya fi sauƙi, tunda babu duba fasfo kuma babu kwastam. Layin can na sassafe ne, sai kuma ranar da aka yi ta ɗage jirage har fasinjojin jirgi uku suka haɗu a ƙofa ɗaya.

Layi lissafi ne

Layin bincike kamar famfon unguwa ne da asuba. Jarkoki ba sa yin layi don ruwa ya ƙare a tanki, suna yi ne don bakin famfon ɗaya ne kuma kowane gida ya turo yaro a lokaci guda.

Yawancin manyan jiragen Turai suna sauka Legas ne da yamma ko farkon dare, su sauke fasinja, a share, a zuba mai, su juya kafin tsakar dare. Ba son rai ba ne. Kamfanonin na so jirgi ya isa Landan, Faris, Amstadam ko Farankfot da sassafe, don fasinja ya samu jirgin da zai wuce da shi Amurka, Kanada ko wani gari a Turai. Filaye kamar Heathrow na Landan kuma suna da dokar taƙaita sauka da tashi cikin dare, saboda haka ba za a iya matso da lokacin yadda aka ga dama ba. Sakamakon haka shi ne jirage masu ɗaukar mutum ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku da wani abu suna tashi kusan a jere, fasinjojinsu kuma duk su iso tsakanin magariba da bayan isha'i. Da hantsi, wannan zauren da ake rasa wurin numfashi a cikinsa da dare za ka iya samunsa fayau.

Bari mu buga misali da lambobin da muka ƙaddara da kanmu. A ce jirage biyar ne, kowanne da mutum 280, jimilla 1,400, kuma duk sun iso wurin bincike cikin awa biyu, wato mutum 700 a awa. A ce kowace na'ura tana sallamar mutum 150 a awa, wato mutum ɗaya a kowace daƙiƙa 24. Idan na'urori huɗu ke aiki, ana sallamar 600 a awa, ana samun rarar mutum 100. Bayan awa biyu akwai mutum 200 a layi, na ƙarshensu zai jira minti 20. Wannan babu wanda zai ɗauki hotonsa ya sa a intanet.

Yanzu a ce na'ura ɗaya ta lalace, ko tana lafiya amma babu ma'aikatan da za su tsaya a kanta. Saura uku, 450 a awa. Rarar ta koma 250, bayan awa biyu mutum 500 ke tsaye, na ƙarshe zai shafe sama da awa ɗaya. Na'ura ɗaya cikin huɗu ce ta tsaya, amma jira ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa ranar Talata minti goma ya yi ya wuce, wani kuma ya ce ranar Juma'a saura ƙiris jirgi ya bar shi, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Akwai wani fannin lissafin da ya fi ba ni mamaki. A bar na'urorin huɗu suna aiki, amma kowane fasinja ya ƙara daƙiƙa shida kacal, ya manta waya a aljihu ko ya tsaya kwance igiyar takalmi sai da ya zo gaban tire. Daƙiƙa 24 ta koma 30, kowace na'ura ta dawo 120 a awa, huɗun 480. Kusan daidai yake da an kashe na'ura guda. Jiran na ƙarshe ya kusa awa ɗaya, kuma babu wanda zai iya nuna mai laifi da yatsa.

Takalmi, ruwa da wando: daga ina dokokin suka fito?

Kusan kowace ƙa'ida da ke ba mu haushi a layi tana da ranar da aka haife ta. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin matakan da kowace ƙasa za ta bi, a Najeriya kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce ke sa ido a kan bin su. Ƙasar da ta yi sakaci, jiragen wasu ƙasashe na iya daina zuwa mata.

A Disambar 2001 wani ɗan Birtaniya mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin tayar da abin fashewa da ya ɓoye a takalminsa a jirgin Faris zuwa Miami. Daga nan cire takalmi ya samo asali, kuma sai a Yulin 2025 Amurka ta daina tilasta wa fasinjojinta cirewa. A Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tayar da jirage da sinadaran ruwa da za a zuba a robobin lemo. Wannan ne ya haifar da dokar mililita 100, wadda har yau ke raba mutane da turarensu a bakin na'ura.

Legas tana da nata tabon. A 1993 Amurka ta dakatar da jirage kai tsaye tsakaninta da Legas saboda raunin tsaron filin, aka yi shekaru ana liƙa gargaɗi a filayen jiragen Amurka da sunan Murtala Muhammed a jiki. A watan Oktoban wannan shekarar wasu samari huɗu suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, suna adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni, suka karkata shi zuwa Yamai, sai da jami'an tsaron Nijar suka kutsa cikinsa bayan kwanaki. Na baya-bayan nan da ya fi ciwo shi ne na 2009. Ranar 24 ga Disamba Umar Faruk Abdulmutallab ya tashi daga Legas zuwa Amstadam, washegari ya yi yunƙurin tayar da abin da ya ɗinke a wandonsa na ciki yayin da jirgi ke shirin sauka a Detroit. Ƙofar gano ƙarfe ba ta iya jin irin wannan sinadarin. A Janairun 2010 Amurka ta saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa tsananta wa matafiyansu bincike, duniya kuma ta rungumi na'urar da ke haska jikin mutum gaba ɗaya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Jami'in da ke lalube ka a filin jirgin Legas ya san idan wani abu ya sake bi ta hannunsa, ba shi kaɗai zai ɗanɗana ba, duk mai koren fasfo zai ji a jikinsa. A nan ina tare da masu cewa a yi haƙuri. Inda na rabu da su shi ne inda suke son a lulluɓe komai da mayafin tsaro, har da abin da ba shi da alaƙa da shi.

Teburin da ya ƙi mutuwa

A watan Mayun 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo ke riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sa hannu a wata dokar zartarwa ta sauƙaƙa kasuwanci. Cikin abin da ta ƙunsa akwai umarnin cewa hukumomin da ke filayen jirgi su haɗe wuraren bincikensu su koma wuri ɗaya cikin kwana 30, a kori 'yan kamasho, kuma duk jami'in da aka kama yana roƙo ko karɓar cin hanci a cire shi daga wurin. An kwashe tebura a Legas, matafiya suka yi ta sam barka. Ba a jima sosai ba binciken hannu ya dawo ta bayan gida. Hujja ita ce, a 2025 sai ga FAAN ta sake shelar cewa ta girka sabbin na'urori kuma za a daina zazzage kaya a tebur, jami'an hukumomin su riƙa kallon hoton na'ura a allo. Idan alƙawari ɗaya ya buƙaci a sake ɗaukarsa bayan shekara takwas, akwai abin da ke riƙe da shi.

Hukumomin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Na'urar AVSEC an saita ta ne don gano bindiga, wuƙa da abin fashewa, jami'in da ke kallonta ma a kan haka aka horar da shi. Hodar ibilis da aka cusa a ƙasan akwati, ko a cikin busasshen kifi, ko wadda mutum ya haɗiye a ƙunshi, ba lallai ta ɗaga masa hankali ba. NDLEA kuwa kusan kowane mako sai ta sanar da kame a wannan filin. Mu da muke da 'yan'uwa masu zuwa Saudiyya, inda hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, mun san abin ba wasa ba ne. Ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan wasu ma'aikata a filin jirgin Kano sun liƙa sunanta a jakar da ba tata ba mai ɗauke da tiramadol. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta, bayan gwamnati ta shiga maganar.

Amma wannan labarin da kansa ya nuna iyakar tebur. Jakar da ta jefa yarinyar cikin masifa ba ta bi ta gaban fasinja ba, ta bayan fage aka shigar da ita. Zazzage akwatin tsohuwa a bainar jama'a ba zai toshe wannan ƙofar ba. Abin da ke toshe ta shi ne kyamara, tantance ma'aikata, karnuka masu sansano ƙwaya, da bayanan sirri kan wanda ya kamata a tsayar. Ƙasashen da suka fi mu fama da safarar ƙwaya ba sa buɗe jakar kowa, suna zaɓar wadda hoto ko bayani ya nuna.

Sai kuma maganar da kowa ke yi a ɓoye. Tebur wuri ne da jami'i ke haɗa ido da fasinja, hannunsa a cikin kayansa, lokaci kuma na tafiya. A nan ake jin "Alaji, me ka kawo mana?" cikin murmushi. Ba kowane jami'i ne ke yi ba, kuma sau da yawa roƙo ne ba tilas ba, amma mai tsoron rasa jirgi bai cika bambance roƙo da umarni ba. Wanda ke kallon allo a wani ɗaki ba ya ganin fuskar kowa, ba kuma wanda zai miƙa masa komai. Ni a ganina wannan na cikin dalilan da suka sa teburin ke da rai bakwai.

Abin da ke cikin jakunkunanmu

Mu ma da namu kason. Ka dubi Hajiyar da za ta je Ingila jegon 'yarta. An cika mata akwati biyu: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa a ƙulle cikin leda uku don wari, yajin jego, garin kunu, man shanu a robar fenti, zuma a galan, kilishi a naɗe cikin takarda, ga humra da turaren wuta na amarya mai jego. Maƙwabta kuma kowa ya kawo saƙon ɗansa, an cusa ba tare da ta san me ke ciki ba. A allon na'ura, gari da ƙullin daddawa duhu ɗaya suke bayarwa, dole a ce a buɗe. Ta tsuguna tana laluben makulli a bakin zani, jikanta na ta kwance igiyar da aka ɗaure akwatin da ita, jami'i na ɗaga kowane ƙulli yana tambayar mene ne wannan, ita ba Turanci, shi ba Hausa. Minti goma sha biyar sun tafi, akwatin kuma ya ƙi rufuwa yadda aka rufe shi a gida. Abin takaicin, kilishin da man shanun da aka sha wannan wahala a kansu, dokar Ingila ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da kayan madara, ita ma Amurka ba ta yarda da naman ba.

Ƙa'idojin ba su da yawa, rashin saninsu ne ke da tsada. Duk abin ruwa ko mai maiƙo da robarsa ta wuce mililita 100, wurinsa babban akwati, kuma girman robar ake dubawa, ba abin da ya rage a cikinta ba. Fawa bank akasin haka ne, a jakar hannu ake riƙe shi, domin batirinsa na iya kamawa da wuta kuma gara ya kama inda ake gani. Tun 2018, mai zuwa Amurka da gari a jakar hannu wanda ya haura mililita 350, yaji ne ko garin ɗanwake, sai an yi masa ƙarin bincike. Hukumar alhazai kullum tana gargaɗin kada a ɗauki goro zuwa Saudiyya. Jakar Gana-mas-go ma ta fara samun matsala, kamfanin jirgin Habasha ya daina karɓarta daga Najeriya a ƙarshen 2023 saboda tana maƙalewa a bel ɗin jan kaya.

A ƙofar gano ƙarfe kuwa, dattijo mai babbar riga da 'yar ciki yana da aljihu biyar ko shida. Ya ajiye waya, ƙofa ta yi ƙara. Ya koma ya fito da makullai, ta sake yi. Sai carbi mai ƙarfe, sai ɗan abin yankan farce, sai zoben azurfa, sai wata wayar da ya manta da ita a aljihun wando. Kowane komawa daƙiƙa ashirin ne a kan duk wanda ke bayansa. Da tun yana cikin layi ya tattara komai ya zuba a jakar hannu, da sau ɗaya zai ratsa. Mata masu hijabi da niƙabi su sani mace ce ya kamata ta laluba su, kuma suna iya neman a yi a keɓe. Inda matsalar take shi ne idan jami'a mace ɗaya ce a bakin aiki, layin mata sai ya tsaya cak.

Masu alfarma

Akwai kuma waɗanda ba sa bin layi. Za ka ga ɗan furotokol da kati a wuya da fasfo biyar a hannu, ya ratsa ta gefe, a bayansa mai gida da iyalinsa. Na'urar da za su bi ita ce dai wadda kowa ke jira, don haka duk mutum biyar da aka shigar ta gaba, na baya ya ƙara minti biyu. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce, waɗanda ke da bakin da za a ji idan sun yi ƙorafi su ne ba su taɓa ɗanɗana layin ba.

Sabuwar na'ura da sabon gini za su raba gardama?

Za su rage, amma da sharaɗi. Akwai na'urori na zamani masu nuna jaka ta kowace fuska kamar hoton asibiti, waɗanda ba sai an fito da laftof ba. Sai dai ko a Turai ba su zo da sauƙi ba: wasu filayen Birtaniya sun sassauta dokar mililita 100, sai gwamnati ta dawo da ita a Yunin 2024, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a Satumbar shekarar, saboda shakku kan ingancin na'urorin.

Darasin da ya fi dacewa da mu ya fito ne daga Schiphol na Amstadam, filin da aka kwaikwayi zanensa wajen gina tsohuwar tashar Legas da aka buɗe a 1979. A bazarar 2022 Schiphol na da na'urori na gani na faɗa, amma layi ya riƙa fita har wajen gini, mutane na rasa jirage, saboda an rasa ma'aikatan tsaro bayan korona. Shugaban filin ya ajiye aiki a Satumba. A daidai wannan lokacin Heathrow ya ƙayyade masu tashi zuwa 100,000 a rana. Na'ura ɗaya na buƙatar mai kallon allo, mai jera tire, mai lalube namiji da mace, da mai buɗe jakar da aka ware, kuma mai kallon allo ba ya daɗewa sai an canje shi don ido na gajiya. A ƙara da wutar lantarki da kayan gyara da sai an yi odarsu da dala.

Gini ma haka. Sabuwar tashar da aka gina da bashin Sin, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Maris 2022, ta daɗe manyan kamfanoni ba su koma ba saboda filin ajiye jiragenta ya yi wa manyan jirage kaɗan. Da gobara ta tashi a tsohuwar tashar a Satumbar 2023 aka kwashe su zuwa can cikin gaggawa, kuma waɗanda suka yi tafiya a makonnin nan ba za su manta da cunkoson ba. A 2025 majalisar zartarwa ta amince da sama da naira biliyan 700 don sake gina tsohuwar tashar, aikin da minista Festus Keyamo ya ce zai ɗauki wata 22. Muddin ana wannan aiki, jama'a za su matsu a wuri ƙarami, don haka kada a yi mamaki idan abin ya ƙara tsanani kafin ya yi sauƙi. Ƙofofin lantarki masu karanta fasfo da aka fara girkawa a 2024 suna taimakawa, amma fasfo suke dubawa, ba jaka ba.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi idan an gama ginin mai sauƙi ne: sau nawa ake tsayar da fasinja tsakanin ƙofa da jirgi, kuma na'urori nawa ke kunne da ƙarfe takwas na dare. Idan amsar ba ta canja ba, an dai samu sabon tayil da za a tsaya a kai.

Wa ke biyan kuɗin jiran?

Kamfanonin jiragen waje kan rufe kanta kimanin awa ɗaya kafin tashi, kuma ba ruwansu da cewa gosulon Oshodi ne ya riƙe ka ko tebur. Wanda ya makara zai biya kuɗin canjin tikiti da bambancin farashi, da dala ake lissafawa. Shi ya sa mutane ke zuwa awa huɗu ko biyar kafin lokaci, wanda hakan ke ƙara cika zauren da mutanen da kantarsu ba ta ma buɗe ba.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne ɗan Arewan da ya taso daga Kano, Sakkwato ko Maiduguri don ya kama jirgin waje a Legas. Zai sauka a tashar cikin gida, ya jira kayansa, ya nemi mota ta kai shi tashar ƙasa da ƙasa ta kan titi, sannan ya fara komai daga farko. Idan lokacin hunturu ne, hazo na iya riƙe jirgin Arewa awoyi ko a soke shi ɗungurungum. Yawanci kuma tikiti biyu ne daban aka saya, na cikin gida da na waje, don haka idan na farkon ya makara, babu wanda ke bin kamfanin na biyu bashin komai. 'Yan kasuwar da suka saba da hanyar sukan shigo Legas tun ana gobe, su kwana wurin 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, kuɗin wannan kwanan da na mota kuma a kan farashin kayan da za su dawo da su ake ɗora shi.